Baitin da Jitar Kawu ta Rufe

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Samaru a Zariya, yana zaune kan kujerar da ya saba gyaran rediyo. Matarsa, wadda muke kira Goggo, ta kawo masa kunu ta tarar kansa ya langaɓe gefe guda, tabarau na rataye a kunne ɗaya. Kafin azahar gida ya cika.

Ni na zauna bakin ƙofa ina amsa gaisuwa, domin ni ce babba cikin waɗanda ya rena, ko da yake ba shi ya haife ni ba. Yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ban kai shekara biyu ba, Kawu ya kwaso mu ni da Mama ya ba mu ɗaki a gidansa, a nan na girma har na yi aure.

Matan zumunta na cocinmu suka fara isowa. Suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna rera waƙoƙin ta'aziyya a hankali. Ana cikin haka wata dattijuwa ta ce da yana nan da tuni ya tsayar da su, don sun ja waƙar ƙasa. Aka yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Maƙwabtanmu Musulmi suka zauna a waje kan benci, kowa ya zo sai ya ce Allah ya ba mu haƙuri, mutumin kirki ya tafi. Mai shayin bakin titi ya ce rediyonsa ya haura shekara ashirin, sau shida Kawu yana tashinsa daga mutuwa, yanzu bai san wa zai kai wa ba. Fasto kuwa ya yi magana a kan shekarun da Kawu ya yi yana koyar da mawaƙan coci, ya ce dattijo ne mai tsanani amma mai gaskiya.

Washegari wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo ta sauka daga keke a ƙofar gida, daga Sabon Gari. Ta zube a gaban Goggo tana kuka, tana magana da Hausa gauraye da Turancin kasuwa. Yawancin mutane ba su san ta ba. Abin da take faɗa shi ne, lokacin da shanyewar jiki ta kwantar da mijinta, 'yan uwansa ma sun gaji da zuwa, amma Kawu bai fasa ba. Kowace Lahadi in an tashi daga sujada zai hau babur ya je Sabon Gari, ya yi wa mara lafiyan aski, ya yanke masa farce, ya zauna kusa da shi har la'asar. Shekara shida yana haka har mutumin ya cika. Mu a gida mun san yana fita ranar Lahadi, amma in an tambaye shi sai ya ce ya je duba wani tsohon inji.

A rana ta uku wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Jushi ya zo, dogo, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Bai shiga cikin maza ba. Ya nemi a kira masa ni. Ya daɗe yana kallon fuskata, sannan ya ce goshin mahaifina ne sak. Ya zauna, yatsunsa suna ta bugun gwiwarsa ba tare da ya lura ba.

"Mu huɗu ne," in ji shi. "Yanzu saura ni."

Duk cikin masu gaisuwar nan shi kaɗai ya taɓo abin da ya sa na ɗauki biro. A takardar jana'iza an rubuta cewa Kawu dattijon coci ne, mai gyaran kayan wuta, uban 'ya'ya biyar. Duk gaskiya ne. Ba a rubuta cewa ya taɓa zama makaɗin jita mafi zafin hannu a Sabon Gari ba, ko cewa shi da abokansa uku sun fitar da faifan kiɗan rok, irin na Turawa, guda ɗaya tak. Jikokinsa ba su sani ba. In Alhajin Jushi ya bi sauran ukun, ni ce kawai zan rage da labarin, ni ma kuma a makare na same shi.

Kawun da na tashi na sani mutum ne mai kunne. In aka kawo masa rediyo ba ya fara kwancewa, sai ya tambayi mai shi, "Me ya ce kafin ya mutu?" Dole ka kwaikwayi ƙarar da bakinka, shi kuma yana sauraro ido rufe, sannan ya faɗi abin da ya ƙone. A wajen koyon waƙa in muryoyi suka rabu ba ya faɗa, sai ya ajiye sandarsa ya ce wasu sun kama hanyar Funtuwa, wasu suna Kaduna, shi zai jira a tasha har a dawo. Ba ya cin abinci ana kiɗa. Ba ya yabon waƙa a gaban mai ita. Ni yana kirana Uwata, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ko a ranar da na fi ɓata masa rai bai taɓa kiran sunana ba. Lokacin da nake firamare shi yake kai ni makaranta a babur, in muka tsaya a mararraba sai ya ce in faɗa masa motar da ke tahowa a bayanmu ba tare da na waiwaya ba. In na canka daidai ba ya cewa komai. In na kuskure sai ya ce in wanke kunne.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani a hannunsa ba, jita. Matasan coci suna da ita, in ta saki sukan kawo masa, sai ya ce wa mai ita ya ja wannan tsirkiya, ya sassauta waccan, hannunsa na bayansa. Na ɗauka bai iya ba ne.

Game da mahaifina kuwa abin da aka gaya mini kaɗan ne. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Bomo, iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya, shi ya fara shiga makarantar mishan a gidansu. Ya yi aikin malanta, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu. Hotonsa ɗaya ne a ɗakin Mama. Na taɓa jin wata goggona ta ce yana da murya, Mama ta harare ta, maganar ta mutu a nan.

Kunnen Kawu ya fara tafiya bayan ya haura saba'in. Na hagu ya fara, na dama ya bi. An gwada masa na'urar ji, ya sa kwana biyu ya cire, ya ce ta mayar da duniya kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ya bar koyar da waƙa. A coci yana zama a baya yana kallon bakunan mawaƙa, wani lokaci ya girgiza kai, don ko ba ya ji yana ganin wanda ya makara shiga. A gida muka koma rubuta masa magana a littafin makaranta, shi kuma ya amsa da baki, da ƙarfi, don ba ya jin kansa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, wata Asabar da rana, ya aika a kira ni. Na tarar ya kori kowa daga shagonsa, ya share tebur, ya ɗora wani tsohon garmaho da ya gyara da kansa. Kusa da shi akwai faifai cikin kwalinsa. A jikin kwalin samari huɗu ne tsaye kan layin dogo, da wanduna masu faɗin ƙafa da gashi tuli. Na gane Kawu da jita a kafaɗa. Na gane wanda ke tsakiya, domin fuskar da ke bangon ɗakin Mama ce, sai dai a nan yana dariya.

Na ja kujera na zauna. Kawu ya ce ba labari ya kira ni ba, aiki ne. Ya ce rabon da ya saurari faifan nan tun kafin in yi wayo, ya yi ta ɗagawa yana cewa wata rana, har kunnen ya tafi. Yanzu yana son wanda zai saurara masa ya faɗa masa gaskiya, waƙa bayan waƙa, ko abin da suka yi yana da kyau ko shirme ne. Ya ce ya zaɓe ni don shi ya horar da kunnena, kuma ban iya ƙarya ba. Na rubuta masa cewa ni malamar Hausa ce, ban san kan kiɗan rok ba, hasali ma hayaniyarsa ba ta burge ni. Ya ce haka ya fi.

Sunan ƙungiyar yana jikin kwalin, amma ba zan rubuta shi ba, domin Kawu ya ce sunan wauta ne, sun tsince shi a jikin kwalin sabulu. Su huɗu ne. Shi ne mai jita. Mijin tsohuwar nan ta Sabon Gari shi ne mai jitar bas, wato mai kaurin sauti. Alhajin Jushi, wanda a lokacin ɗan gidan makaɗan kalangu ne da ya gudo, shi ne mai ganguna. Mahaifina shi ne mawaƙi. Sun yi shekara huɗu suna wasa a otal-otal na Sabon Gari da bukukuwan ɗaliban jami'a, har wani ya kai su Legas aka ba su yini ɗaya a ɗakin ɗaukar murya. Waƙa bakwai suka ɗauka.

Ya sa allura, ya ɗora tafinsa a kan lasifika. Ta haka yake sanin inda aka kai.

Ina da shekara arba'in da shida na fara jin muryar mahaifina. Na yi zaton za ta zama babba, mai kauri. Siririya ce, tana ɗan karcewa a sama, kuma da Turanci ta fara yi mini magana, a kan jirgin ƙasa da ke wucewa bai tsaya ba. Ban ji komai na waƙar farko ba sai muryar. Da ta ƙare Kawu ya ɗaga allura ya turo mini littafi. Na ce a sake. A karo na biyu na saurara kamar yadda ya koya mini, na rubuta masa cewa waƙar tana da gudu amma ba tasu ba ce, kamar yara ne sun sa rigunan manya. Ya yi dariya har da tari, ya ce daidai ne, daga faifan Turawa suka kwaso ta gaba ɗaya, sun canza mata hula kawai.

Ta biyu ta soyayya ce, ita ma da Turanci, ta fi ta farko rauni. Mahaifina yana jan kalmomin kamar wanda aka ba aron takalmi. Na rubuta haka, ina ji kamar ina cin amanarsa. Kawu ya karanta ya ce shi ma mahaifin nawa ya tsane ta.

A ta uku ne na gyara zama. Mai ganguna ya ɗauko kiɗan gidansu ya zuba a gangunan Turawa, bas ta bi shi a baya kamar mai rakiya, jita kuma ta daina gasa ta koma amsawa. Waƙar a kan 'yan dako ne na tashar jirgi, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa. A nan na fara jin Sabon Gari, na ji mutane huɗu da suka san juna. Na rubuta masa cewa wannan ko yau aka sa ta a gidan biki za a tashi. Ya daɗe yana kallon rubutun.

Ta huɗu babu waƙa a cikinta, jita ce zalla ta kusan minti takwas. Na rubuta cewa hannun gwani ne, amma mai kiɗan yana kallon madubi, kuma tun a minti na uku na fara tunanin miyar da na bari a wuta. Ya ce in ji tsoron Allah. Sannan ya ce gaskiya ne, minti uku ya kamata ta yi, mahaifina ya faɗa masa haka a lokacin bai ji ba.

Ya juya faifan. Biyun farko na wannan gefen suka wuce lafiya. Ɗaya ta mai bas ce, ta barkwanci, a kan mai gidan haya da ke ƙirga baƙin ɗan haya, ta sa ni dariya. Ɗayar a kan ɗalibin da ya zo Samaru karatu ya manta hanyar garinsu, kiɗanta mai kyau, amma amshinta ya yi yawa. Ina cikin rubuta wannan sai na ga Kawu ya ɗaga allura ya riƙe ta a sama. Ya ce kafin ta ƙarshe sai ya gaya mini wani abu.

Waƙar ƙarshe ta mahaifina ce shi kaɗai. Karin ya ɗauko shi daga waƙar da mahaifiyarsa take yi in tana niƙa, ya sa mata kalmominsa, Hausa tsantsa, a hankali. Kawu bai so a rufe faifan da ita ba, ya fi son a rufe da mai zafi, amma sauran biyun suka goyi bayan mahaifina. Wannan bai kai ga faɗa ba. Abin da ya kawo faɗa shi ne, a safiyar ranar ɗaukar, suna karyawa a bakin titi a Legas, mahaifina ya gaya masa cewa daga wannan faifan ya gama. Ya samu aikin koyarwa, zai auri ƙanwar Kawu, ba zai riƙe mata da yawon otal ba. Kawu ya ce a lokacin ba shi da komai a duniya sai ƙungiyar nan. Ya bar makaranta saboda ita, mahaifinsu ya kore shi daga gida saboda ita. Kuma ga shi ranar da suka taka matakin farko, wanda ya fi yarda da shi ya ce zai sauka.

Suka yini suna ɗauka ba ya kallon mahaifina. Aka zo ta ƙarshe lokaci ya kusa ƙarewa, mai ɗakin ya ce sau ɗaya za a yi. Waƙar baiti biyu ce a yadda suka saba yin ta, jita tana bi a hankali. Da aka gama na biyu, maimakon a sauka, sai mahaifina ya ɗaga hannu ya shiga baiti na uku wanda babu wanda ya taɓa ji.

"Na ɗauka sallama zai yi mini a gaban duniya," in ji Kawu. "Sai na taka na'urar ƙara sauti na buɗe jitar har ƙarshe."

Ya ce mahaifina ya juyo ya dube shi, amma bai daina rerawa ba, shi ma bai sassauta ba, haka suka tafi har ƙarshen waƙar. Mai ɗakin ya ce ya yi kyau, a tattara kaya. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, kwana biyu shi da mahaifina babu mai ce wa wani uffan. An yi bikin Mama, Kawu ya zo ya tsaya a baya. Bayan haka gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Yana ta shirin zuwa ya tambaye shi abin da ya ce a baitin nan, yana jira zuciyarsa ta huce, sai aka aiko cewa ana neman mota a kai mahaifina asibiti. Tun ranar da aka binne shi Kawu bai ƙara taɓa jita ba.

Ya ce abin da yake so shi ne in saurara in gaya masa kalmomin.

Ya sauke allura. Waƙar ta fara da bugun ganga ɗaya-ɗaya, kamar dutsen niƙa yana kai da komo. Muryar da na ji tana ɗari-ɗari da Turanci ta zauna daram. Baitin farko mutum ne yake gaya wa mahaifiyarsa cewa ya ga hadari ya haɗu ta gabas, ta ajiye masa fartanyarsa. A na biyu yana cewa ya daɗe a gari, tafin hannunsa ya yi laushi, kada ta yi masa dariya. Jitar Kawu tana bin sa a baya, tana taɓa ƙarshen kowane layi ta saki. Ban taɓa jin abu mai taushi haka daga hannun mutumin da ya rene ni ba.

Sai muryar ta ja numfashi ta ɗaga, jitar kuma ta fashe. Ƙara ce mai kaushi, tana hawa tana tsagewa, tana faɗowa ta sake hawa. A ƙarƙashinta ana jin mutum yana rerawa, ana jin tashin muryar da saukarta, amma ba a kama kalma. Kusan minti biyu haka. Daga nan ganga ta tsaya, jitar ta yi wani dogon kuka ta mutu, allura ta shiga shuru.

Kawu yana kallon bakina. Na san abin da yake so, kuma na san zan iya ba shi. Da na rubuta cewa mahaifina ya ce abokina ka yafe mini, ko ya ce za mu sake haɗuwa, babu mai ƙaryata ni a duniya. Na riƙe biro har ya jiƙe da gumi. Na rubuta, "Ban ji ba, Kawu."

Ya ce a sake. Muka sake. Na sa kunnena a jikin lasifika, ya rage ƙarar sama ya ƙara ta ƙasa, ya canza allura. Muka yi ta yi har aka ɗauke wuta wajen la'asar. Daga baya na kai faifan wurin wani abokin aikina da ya san kwamfuta, ya yi mako yana ƙoƙarin raba muryar da jitar. Ya ce makirufo ɗaya ne ya kwashi su biyun, sun narke cikin juna. Abin da ya iya tsamowa kamar mutum ne yana magana a ƙarƙashin ruwa. Mun ji "idan" sau biyu. Mun ji wata kalma da ko "gida" ce ko "gina". Shi ke nan.

Amma a ranar Asabar ɗin, da wuta ta tafi, Kawu ya ce to, a bar kalmomin, in ba shi hukuncin faifan gaba ɗaya. Na rubuta cewa biyu na farko aro ne, ta huɗu ta yi tsawo, uku suna da kyau, ta uku ta fi su. Ya ce saura ta ƙarshe. Na yi jinkiri, ya buga tebur da yatsa. Sai na rubuta abin da kunnena ya gaya mini. Ita ce waƙa mafi kyau a faifan, da nisa. Kuma abin da jitarsa ta yi a baiti na uku shi ne kiɗa mafi kyau da ya yi a faifan duka, domin a nan ne kaɗai ba ya nuna gwaninta, yana faɗin abin da ke cikinsa ne. Ba don wannan wurin ba, da waƙa ce mai daɗi kawai.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Abin da nake tsoro ke nan, Uwata," in ji shi.

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ya mayar da faifan kwalinsa ya ba ni, ya ce in tafi da shi da garmahon, shi ba su da sauran amfani a wurinsa. Shekara biyun da suka rage masa ya yi su yana raguwa. Ya daina karɓar gyara, sai dai ya zauna kan kujerar ya kwance rediyo ya mayar. Na sha tambayar kaina ko da na yi masa ƙarya da ya fi samun sauƙin tafiya. Har yau ban sani ba. Ina roƙon Ubangiji ya karɓe shi da jinƙai, ya ba shi hutun da bai ba kansa ba.

Ranar da Alhajin Jushi ya zo gaisuwa na raka shi har bakin titi na tambaye shi kalmomin baitin nan na uku. Ya ce shi an killace shi da ganguna a bayan wani allo, bakin mahaifina kawai yake hangowa, kuma a jirgi da ya tambaye shi, cewa ya yi a bar maganar. Ya ce mai bas ne ya fi kusa da shi a ranar, wataƙila shi ya ji, amma ciwon da ya kwantar da shi da harshensa ya fara tafiya. A nan na gane abin da Kawu yake jira a bakin gadon nan kowace Lahadi, ban da zumunci.

Saura Mama. Ban taɓa gaya mata faifan yana hannuna ba. Bayan kwana bakwai da jana'iza ta zo gidana ta huta daga jama'a, da rana muna tsince shinkafa na gaya mata komai. Ta saurara ba ta ɗago ba. Ta ce ta san da baitin. A jirgi mahaifina ya rubuta shi suna tafiya Legas, ita ba ta taɓa ji ba. Bayan aurensu ta roƙe shi sau ɗaya ya rera mata, ya ce an riga an rera, wanda aka yi dominsa bai so ji ba. Takardar kuma ba ta gan ta cikin kayansa ba. Ta ce ita ce ta hana a sa faifan a gida, don ba ta iya zama a gidan yayanta, tana cin tuwonsa, tana jin yadda ya danne muryar mijinta.

Muka ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ture tiren ta ce in sa mata.

Na tambaye ta ko daga farko. Ta ce a'a, ta ƙarshen. Ta zauna a bakin kujera, hannuwanta kan cinya. Da muryar ta fito ta rufe ido, leɓenta yana bin baitin farko da na biyu, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Da jitar ta fashe na miƙa hannu zan rage, ta riƙe mini wuyan hannu. Ta saurara har ƙarshe, har allura ta shiga shuru.

Ta saki wuyan hannuna. Sannan ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka faɗa ne. Ta ce ashe su biyun kuka suke yi, kowa bai ji ɗan'uwansa ba.

Ta tambaye ni ko akwai wata bayan wannan.

Na ce babu, Mama, ita ce ta ƙarshe.

Ta gyara ɗankwalinta, ta ce in nemo mata keke, Goggo tana can ita kaɗai da masu gaisuwa.